Tsaftar ƙarshen wata a Kano: An fito da shara daga kwata, wa zai kwashe ta?

Ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, manyan titunan Kano kan yi tsit. Babu Adaidaita Sahu, babu motocin haya, shaguna a rufe. Jami'an tsaro na tsaye a shataletale, kotun tafi-da-gidanka kuma na jiran wanda ya fito ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba.

A cikin unguwanni, musamman idan damina ta ƙarato, ƙungiyoyin aikin gayya kan fito da shebur da manjagara da baro su shiga yashe kwatoci. Abin da suke tonowa kusan iri ɗaya ne ko'ina: baƙar laka, ledar fiya-wata, robobin lemo, tsummokara. Sai a jibge a bakin hanya.

Daga nan ake samun matsala. Idan motar shara ba ta zo cikin 'yan kwanaki ba, awaki su tone, iska ta watsa, ruwan sama ya mayar da sauran inda aka ciro shi. Matasan da suka ɓata safiyarsu cikin dagwalo suna kallo, kuma ba kowa ne zai sake fitowa wata mai zuwa ba.

Aikin wa ne?

A takarda amsar ba ta da wuya. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sa kwashe shara da kula da makewayin jama'a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Birnin Kano ya ƙunshi takwas daga cikin 44 na jihar: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. A ƙidayar 2006 mutum kusan miliyan 2.8 ke zaune a cikinsu, kuma tun daga lokacin gari sai faɗaɗa yake yi.

A aikace kuwa, gwamnatin jiha ce ke riƙe da ragamar, ta hannun hukumar kwashe shara ta REMASAB da aka kafa a 2003. Akwai hujja a hakan, domin kwatar da ta taso daga Gwale ba ta san iyakar Dala ba, kuma babu ƙaramar hukumar da za ta iya riƙe manyan motoci da filin zubar da shara ita kaɗai. Sai dai abin ya bar ƙananan hukumomin a gefe, suna da sashen lafiya da ma'aikatan tsafta amma babu kuɗin aiki, tunda kasonsu na tarayya ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha.

A 2021 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta miƙa aikin ga wani kamfani mai zaman kansa. Ba a je ko'ina ba bola ta fara cin tituna, aka soke yarjejeniyar a shekarar da ta biyo baya. Gwamna Abba Kabir Yusuf ma, cikin ayyukan da ya fara da su bayan rantsar da shi a watan Mayun 2023 har da gangamin kwashe tsaunukan shara. Gangami yana share titi, amma gidaje ba sa daina fitar da shara don an gama gangami.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, amma ya sake buɗe tambayar da aka daɗe da rufewa: idan kuɗi ya shiga hannun ciyaman, nawa ne zai tafi ga lungun da motar REMASAB ba ta iya shiga?

Lokacin da shara ke da masu so

Tsohon birnin Kano ya daɗe da nasa tsarin. Da rani, manoman ƙauyukan da ke kewaye kan shigo gari da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangala cike da taki daga jujin unguwanni: toka, kashin dabbobi, sharar tsakar gida. Wannan takin na cikin abin da ya sa gonakin karkarar Kano ke ba da amfani shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Juji a wancan zamanin dukiya ne, har ana rige-rigen sa.

Ruwan sama shi ma yana da mazauni. Kududdufan da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini su ke shanye ruwan unguwa idan an yi mamako.

Har yanzu manoma na sayen sharar gari a tifa su zuba a gona. Amma abin da ke cikinta ya canza. Leda ba ta ruɓewa, sai manomi ya bi yana tsincewa, ko ya cinna mata wuta, ko akuyarsa ta haɗiya ta kumbura. Kududdufai da yawa kuma an cike su da bola an yi gini a kai, don haka ruwan da a da ke da wurin kwanciya yanzu ɗakunan mutane yake nema.

A daminar 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka na miliyoyin naira, aka ɗora laifin a kan toshewar magudanai da gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa. Shekara guda kafin nan, kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya bisa alƙaluman hukumar NCDC, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Inda kwata ta cika ta tumbatsa kusa da rijiya, ba sai an yi dogon bayani ba.

Daga duba-gari zuwa ranar tsafta

Dattawa na yawan tuna zamanin duba-gari, ma'aikacin da ke shiga gida ya leƙa randa da masai da kwata, ya kai mai gida ƙara idan ya ga ƙazanta. A Kano ake horar da da yawa daga cikinsu, a Makarantar Koyon Tsafta da aka buɗe tun zamanin Turawa. Ba son sa ake yi ba, tsoron sa ake ji, amma aikinsa na kullum ne, kuma mai unguwa na bayansa.

Ranar tsafta ta wata-wata daga baya ta zo. A Kano ne Janar Tunde Idiagbon ya ƙaddamar da ɓangaren tsaftar muhalli na shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1985. Shekara arba'in ke nan ana tafiya a kan tsarin soja: a tsare mutane a gida na awa uku, a ci tarar wanda ya fito. Da yawa barci kawai suke ƙarawa.

Waɗanda ke aikin kowace rana ba su cikin lissafin hukuma. Akwai yara da matasa masu bi gida-gida da baro ko kura suna karɓar shara a ba su ɗan canji, waɗanda idan wurin zubarwa ya yi nisa sai su juye a kwata mafi kusa. Akwai 'yan jari-bola, masu tsince ƙarfe da gwangwani da roba su sayar wa dillalai a kan sikeli, daga nan a kai masana'antun Sharaɗa da Bompai ko a yi lodi zuwa Kudu. Mutane na zarginsu da ɗauke abin da ba a yar ba, wani lokaci da gaskiya. Amma duk robar da suka ɗauka ta tsira daga kwata, ba tare da gwamnati ta kashe ko sisi ba.

Tsakanin mai baron da ke ƙofar gida da tifar da ke bakin titi ne aka bar giɓi, kuma giɓin daidai girman ƙaramar hukuma yake: wurin tara shara a kowace mazaɓa, ranar da mota za ta zo wadda kowa ya sani, rajistar masu baro, shebur da safar hannu ga 'yan aikin gayya, da duba-garin da ke fita zagaye. Jihar Kano na da mazaɓu 484, kowace da kansilanta, kuma ba kamar shugaban REMASAB ba, shi kansila mutanen unguwa sun san ƙofar gidansa.