Shin Sa Yana Ciwon Zuciya?

Wannan tambaya ta kawuna ce, kuma da dariya ya yi mini ita. Saura wata biyu Babbar Sallah, sansa na turka, wanda ya kusa shekara yana ɗura wa dusa da harawa, ya soma ƙin abinci. Sai ya tsaya a takure, ya tanƙware baya, ya ware ƙafafun gaba, in zai kwanta ya yi nishi. Daga bisani jijiyoyin wuyansa suka firfito kamar igiya, ƙasan ƙirjinsa ya kumbura. Aka ba shi jiƙo, aka yi turare, wasu suka ce baki ne, wasu suka ce iska ce. Da na je gaisuwa, na kira wani abokina likitan dabbobi ta waya na kwatanta masa, ya ce shi zuciya yake zargi. Da na isar da saƙo sai kawu ya ce, "Kai ɗan nan, boko ya yi maka yawa. Bashi ake bin sa, ko kishiya aka yi masa? Me sa zai sa a ransa har ya yi ciwon zuciya?"

Ni ba likita ba ne, ɗalibin harshe ne, saboda haka maganar kawu ta fi tsaya mini a rai bisa ga ciwon san. A bakin Bahaushe zuciya mazaunin fushi ce da farin ciki da jarunta. Mukan ce wane ya yi zuciya, zuciyarsa ta yi sanyi, ko zuciyarsa ta mutu. Idan kuwa aka ce mutum yana da ciwon zuciya, abin da ke fara zuwa tunaninmu shi ne baƙin cikin da ya haddasa shi. To tunda dabba ba ta da bashi ba ta da kishiya, sai harshe ya wanke ta daga wannan cuta, alhali kuwa tsokar nan da muke saye wajen mai tsire ita ce zuciyar, kuma aikinta harba jini ne dare da rana.

Aikin nan yana da lissafi. Zuciyar doki mai hutawa tana bugawa kamar sau 30 zuwa 40 a minti guda, ta saniya sau 50 zuwa 80, ta tunkiya da akuya sau 70 zuwa 80, ta kaza kuwa tana kaiwa 250 zuwa 300. Abin sha'awa, awon hawan jini da ake yi mana a asibiti yau, a jikin dabba aka fara shi. Wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, shi ya haɗa doguwar gorar gilashi da jijiyar wata goɗiya, ya ga jini ya hau sama da ƙafa takwas, ya kuma wallafa sakamakon a 1733.

Mu koma kan san kawu. Da ya kasa tashi aka yanka shi. Mahauci na buɗe ƙirji sai wari ya bugo mu, jakar da ke lulluɓe zuciya ta cika da mugunya, ga wani guntun waya da bai wuce tsawon yatsa ba a soke a jikinta. Daga baya likitan ya yi mini bayanin yadda abin ke faruwa. Saniya ba ta tsinkar abinci da leɓe kamar akuya. Da harshe take sharo shi, ta haɗiye ba tare da tauna sosai ba, sai daga baya ta yi tuƙa. Duk ƙusa ko waya da ta biyo abinci takan faɗa ɗakin tumbi na biyu, wanda cikinsa ke kama da saƙar zuma. Wannan ɗaki kuwa maƙwabcin zuciya ne, tantani ɗaya ne tsakaninsu. Tumbi na motsi, ƙarfe na kutsawa, har ya huda tantanin ya isa jakar zuciya da ƙwayoyin cuta. Mugunya ta taru ta matse zuciya, ta kasa karɓar jinin da ke dawowa, shi ya sa jijiyoyin wuya ke cika, ruwa ke taruwa a ƙasan ƙirji. Idan abu ya kai nan, da wuya a ceci dabbar, kuma sau da yawa naman ma ba ya ciwuwa. Rigakafinsa kuwa araha ne: a share wurin turke, a daina ɗaure harawa da waya, a kuma sa likita ya ɗura wa dabbar ɗan maganaɗisu da ke zama a tumbi yana kama ƙarafa. Mai karatu ya dubi shanun da ke kiwo a juji a biranenmu, inda aka ƙona tayoyi wayoyinsu suka warwatsu, ya yi wa kansa hisabi.

Ba waya kaɗai ba ce. Akwai cutar da kaska ke yaɗawa, wadda ke tara ruwa a jakar zuciyar tumaki da awaki da shanu, dabba ta riƙa zagaye tana faɗuwa, a ce aljanu ne, alhali tana jin magani idan an kama ta da wuri. Boru, wanda muka sani da ƙurajen baki da kofato, yakan kashe maraƙi farat ɗaya domin tsokar zuciyarsa yake kamawa. Ma'aikata 'yan'uwana masu kiwon kajin nama a bayan gida su ma abin ya shafe su. Kazar da aka ƙirƙiro irinta don ta kai kilo biyu cikin mako shida, jikinta kan fi ƙarfin zuciyarta da huhunta, musamman a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Cikinta ya cika da ruwa, ko a wayi gari a tarar da mafi ƙiba a cikinsu ta mutu a rigingine.

Abin da ke damuna shi ne, ilmin nan yana nan jibge a Vom, inda aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi tun 1924, da tsangayoyin koyon likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, amma da Ingilishi yake. Laifin har da mu masana harshe, da muka fi son gardama kan karin sauti bisa ga zama da likitoci da mahauta da Fulani makiyaya mu tace sunaye. Da a ce akwai suna kamar "sukar waya" ko "gazawar zuciya" da ke yawo a rediyo da kasuwar kara, da kawu ya kira likita tun ranar da san ya fara nishi, maimakon ya ɓata mako uku yana turare.

Mahauci ya yar da rabin naman, kuɗin da aka samu bai kai na dusa ba. Wayar kuwa kawu ya wanke ta ya sa a aljihu. Da na koma bayan Sallah na same shi a ƙofar gida yana nuna wa maƙwabta ita, yana cewa, "Ga abin da ya ci mini sa. Yaron nan ya ce wai zuciya ce."