A-kori-kura da zafin bazara: sauya lagireto rabin aiki ne

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar ƙauye a ƙasar Maraɗi ko Damagaram ya san a-kori-kura, wadda direbobinmu ke kira bashe. Ita ke kai gero da wake birni, ita ke komowa da siminti da sukari, kuma idan naƙuda ta yi gardama cikin dare, ita ce motar asibiti. Ban da Toyota Hilux, har yanzu ana ganin tsofaffin Peugeot, wato Fijo, suna wannan aiki. Samfurin 404 ya fito a 1960, na 504 a 1968, kuma masana'antar Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 har 2006. Ashe ke nan ko mafi ƙuruciya a cikinsu ta daɗe tana shan wahala.

A wata bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, mun shiga irin wannan mota daga Maraɗi za mu Dakoro, an cika bayanta da mangwaro. Direba yana ta murna, don kwana 3 ke nan da ya sa sabon lagireto. Ba mu kai rabin hanya ba sai tururi ya turnuƙe gaban mota. Da aka duba, lagireto lafiyarsa lau. Tiyon ƙasa ne aka bari yana gogar fambel, fambel kuwa ya yi ta cinsa har ya huda shi, ruwa ya tsiyaye. Allurar da ke nuna zafin inji ta daɗe da mutuwa, saboda haka babu wanda ya ankara. A gindin aduwa muka wuni, mangwaro ya lalace, kasuwa ta watse babu mu.

Wannan ne ya sa muka zagaya garejoji muka zauna da makanikai, ga kuma abin da muka samo.

Aikin ruwa a cikin inji shi ne kwashe zafi. Famfon ruwa yana tura shi ya zagaye inji, ya fita da zafinsa ta tiyon sama ya shiga lagireto, iska da fanka su sanyaya shi, sannan ya komo ta tiyon ƙasa. Ko'ina aka samu matsala a wannan zagaye, inji ne zai biya. Kan injin Peugeot mai fetur na alminiyam ne, idan ya yi zafi fiye da kima sai ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Daga nan kuɗin gyara ya ninka na lagireto sau da yawa.

Kafin a sayi sabo, a fara duba tsohon. Lagireton da na jan ƙarfe da tagulla ne, mai gyara yana iya buɗe shi, ya wanke bututunsa, ya liƙe da dalma. Yawancin na yanzu alminiyam ne da kai na roba, ba su da nauyi, amma idan robar ta tsage gyaranta ba ya daɗewa. In sauyawar ta zama tilas, a tafi kanti da tsohon a gwada su gefe da gefe: tsawo, faɗi, kauri, da wurin da bakunan tiyo suke. Lagireton da bakinsa ya kalli wani gefe daban, shi ke tilasta wa makaniki lanƙwasa tiyo, kuma daga nan ɓarna ke farawa. Araha dai ba ta ado.

To, ga inda aikin yake. Tiyon da ya shekara da shekaru yana shan zafi, ko ya bushe ya tsattsage, ko ya kumbura ya yi laushi. Maida shi kan sabon lagireto asara ce. Na ƙasa ya fi kowane haɗari, domin famfo zuƙo ruwa yake ta cikinsa. Idan ya yi laushi, da mota ta ɗauki gudu sai ya shafe, ruwa ya daina wucewa, alhali in ta tsaya ba a ganin komai. Don haka ne ake sa wa wasu waya mai murɗe a ciki. A tabbata kowane tiyo ya bi hanyarsa ba tare da karyewa ba, ya yi nisa da fanka da fambel da bututun hayaƙi da duk wani ƙarfe mai kaifi. A tuna inji yana girgiza, lagireto kuwa a kafe yake, saboda haka kada a ja tiyo ya yi tsai, a bar masa ɗan sarari. A ɗaure bakinsa da zoben ƙarfe mai kusa, ba da waya ko tsohon tib ba. Ƙananan tiyo 2 da ke kai ruwa ga na'urar ɗumama cikin mota, in ba a aiki da ita, a haɗe su ko a toshe su da kyau, ban da cusa itace.

Akwai abubuwa 3 da ake rainawa. Na farko murfi: shi ke riƙe matsi, wajen bar 1, yadda ruwan da ke tafasa a digiri 100 ba zai tafasa ba sai wajen 120. Murfin da robarsa ta mutu, ko tsumma a madadinsa, ya rushe wannan. Na biyu tamostat, ɗan ƙarfen da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya haura digiri 80. Mutanenmu sun saba cire shi wai don ƙasarmu da zafi, amma injin da ba ya kai zafinsa na aiki ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. In ya lalace, a sa wani. Na uku ruwan kansa. Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri yana barin farin dutse da tsatsa a cikin bututu, irin wanda muke gani a gindin buta. Gara ruwan lagireto na kanti mai launi, wanda ke hana tsatsa. Amma hattara, guba ne mai zaƙi: kada a zubar da shi inda yara ko awaki za su kai baki.

Bayan an cika, a tada inji a bar shi ya ɗumama, iskar da ke ciki ta fita. A kashe, a jira ya huce, a ƙara ruwa, a sake matse zobba. Kada kowa ya buɗe murfi inji na da zafi, yaran mota da yawa sun ƙone fuska da hannu ta haka. A gyara allurar zafi kuma, ita ce idon direba.

Mu fasinjoji ma da namu laifi, mu ne ke matsa wa direba ya ƙara buhu a kan buhu, ya kuma yi sauri. In ya tsaya duba ruwa, mu yi haƙuri. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.