Motocin Da Ba Sa Samun Shiga Kwali

Akwai wani abin sha'awa da ya yi ƙarfi a Japan da Amurka da ƙasashen Turai, wanda a nan wajenmu ba kowa ne ya san da shi ba. Mutum zai sayi kwali, ya buɗe ya tarar da gutsattsarin roba, wani lokaci sama da ɗari: ga bodi, ga kujeru, ga sitiyari, ga tayoyi, ga gilasai, har da inji. Sai ya zauna da gam da fenti da ƴar wuƙa, ya yi kwana da kwanaki yana harhaɗawa, har ƙaramar mota ta fito sak irin wadda ke bisa titi. Yawancin masu yin wannan magidanta ne, kuma ba sa wasa da awo. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a Japan da Turai shi ne 1/24, wato an rage komai sau ashirin da huɗu, ta yadda motar da tsawonta ya kai mita 4.5 za ta koma kusan santimita 19. Amurkawa kuwa sun fi sabawa da 1/25.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne wani giɓi da duk wanda ya bi jerin kayan waɗannan kamfanoni a tsanake zai lura da shi. Zai ga Ferrari da Porsche iri-iri. Zai ga Ford Mustang da Chevrolet Corvette na shekaru daban-daban. Zai ga Nissan Skyline har ya gaji. Amma in ya nemi Saab ta ƙasar Siwidin, ko Lada ta Rasha, ko Tata da Ambassador na Indiya, ko Proton ta Maleshiya, to sai ya sha wuya, galibi kuma ya dawo hannu rabbana. Motocin nan sun yi jigilar miliyoyin mutane shekara da shekaru, amma a kantin ƙananan motocin roba kamar ba a taɓa yin su ba. Tun da ruwa ba ya tsami banza, ya kamata mu duba dalili.

Dalili na farko kuɗi ne. Kafin a fitar da mota guda a kwali, sai an sassaƙa mazubi na ƙarfe mai tauri, wanda za a riƙa ɗura narkakkiyar roba a cikinsa da ƙarfin inji. Sassaƙa mazubin nan shi ke cinye jarin, kuma ba a mayar da kuɗinsa sai an sayar da dubban kwalaye. Bayan haka ga kuɗin lasisi, domin suna da tambari da siffar mota duk mallakar kamfanin da ya ƙera ta ne, sai da izininsa. Saboda haka kafin ɗan kasuwa ya sa hannu, tambayar da yake yi wa kansa ita ce: mutum nawa ne za su saya, kuma a ina suke?

Amsar wannan tambaya ita ce dalili na biyu, wato inda masana'antar take zaune. Manyan kamfanonin Japan, Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, duk a yankin Shizuoka suke. Tamiya ma da sana'ar katako ya fara a 1946, kafin ya koma roba. A Amurka, kamfanin AMT da aka kafa a 1948 ya fara ne da yi wa masu ƙera motoci ƙananan samfura da dillalai ke nuna wa masu saye, daga 1958 kuma ya shiga sayar da su a matsayin na harhaɗawa. Shi ya sa motocin Amurka na shekarun 1960 suka samu gata, kusan kowace shekara da nata samfurin. A Faransa akwai Heller tun 1957, kuma albarkacinsa ne Citroën da Renault suka samu wakilci mai kyau. A Ingila akwai Airfix. Kowane kamfani motocin da mutanensa suka tashi suna gani yake fara yi. Hujja a nan ita ce Hyundai: sunanta ya daɗe da wuya a kwali, kuma da samfurin Pony da na Santa Fe suka fito, kamfanin Academy na Koriya ta Kudu ne ya fitar da su, wato ɗan gida.

Dalili na uku shi ne tsere. Motar da ta yi suna a fagen tsere tana da farin jini, kuma tana da riba ta musamman ga mai mazubi, domin da mazubi guda zai fitar da ita sau da yawa, abin da zai sauya kawai shi ne sitikun lambobi da na tallace-tallace. Ta wannan ƙofa ce wasu da aka manta da su suka kutsa. Volvo ba ta da yawa a kwali, amma da doguwar 850 ta shiga gasar tseren Birtaniya a 1994, sai ga Tamiya ya yi ta. Škoda ta Jamhuriyar Cek ta samu shiga ne da Fabia ta tseren daji, daga wani ƙaramin kamfani na Beljiyam mai suna Belkits. Wani lokaci kuma tarihi ne ke buɗe ƙofar, kamar Trabant ta Jamus ta Gabas, wadda Revell ya fitar bayan faɗuwar katangar Balin a 1989, lokacin da duniya ta ga ayarinta na tsallakawa Yamma.

Labarin Saab ya fi ba ni mamaki. Jiragen yaƙin da ke ɗauke da wannan suna, Draken da Viggen da Gripen, kamfanoni da dama sun yi su da roba, a ma'auni daban-daban. Amma motocin Saab, waɗanda aka ƙera tun daga ƙarshen shekarun 1940 har kamfanin ya karye a 2011, da ƙyar ake ganinsu. Haka nan Toyota Corolla, wadda yawan da aka sayar ya haura miliyan 50 a 2021. Wadda ta cika kwalaye daga cikinta ita ce AE86 ta 1983 zuwa 1987, saboda labarin zane na Initial D ya sa matasa sun haukace a kanta. Corolla ta malamin makaranta da ta ɗan tasi kuwa, sai an tona.

A nan ne batun ya iso gida. Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ta fito a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekara ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, aka ci gaba da harhaɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan an daina yin salun ɗinta a Faransa. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar haya daga Kano zuwa Maiduguri, ita ce akori-kurar da ta kai hatsi kasuwa, ita ce ta kai amare. Amma in ka duba Peugeot ɗin da Tamiya ya yi a ma'aunin 1/24, za ka ga 205 Turbo 16 da 405 T16 da 206 WRC, duk na tsere. Mai son 504 ya fi samunta a cikin na ƙarfe da ake sayarwa a haɗe, irin na kamfanin Norev. Ita kuwa akori-kura mai rumfa da lodin buhuna, kamar yadda muka san ta, ba ta cikin tunanin wanda ke zana kwali a Shizuoka, kuma ban ga laifinsa ba.

A fagen nazarin harshe mun san irin wannan. Kalmar da ba ta shiga ƙamus ba tana nan a bakin jama'a muddin masu faɗinta na raye, amma ranar da suka ƙare, sai na baya su ɗauka ba a taɓa yin ta ba. Jerin motocin roba ma wani ƙamus ne. Abin da yake adanawa shi ne ƙuruciyar masu saye da abin da suka yi mafarkin hawa. Wanda zai karanta shi nan da shekara hamsin zai zaci duniya ta yi zamani ne a cikin motocin tsere, alhali galibin mutane a motar haya suka yi rayuwarsu.

Sai dai kuma kiɗa ya fara sauyawa. Ƙananan masu sana'a sun daɗe suna zuba motocin da manya suka ƙi da wani irin ƙaro da ake kira rezin, a mazubi mai laushi da ba ya cin kuɗi sosai, ko da yake guda kaɗan yake fitarwa, shi ya sa farashin kowace ke da tsada. Yanzu kuma ga na'urar ɗab'i mai fitar da abu da cikakkiyar siffarsa daga zanen kwamfuta. Da ita, mutum guda mai haƙuri zai iya auna mota, ya zana ta, ya fitar da sassanta, ba tare da jiran mazubin ƙarfe ba. Batun lasisi yana nan ga mai niyyar sayarwa, amma katangar jari ta yi ƙasa ƙwarai.

To, mai karatu, ga inda na dosa. Zane ba ya yiwuwa sai da awo, awo kuma ba ya yiwuwa sai motar na nan. Kullum tsofaffin Fijo da manyan motocin katako da aka yi wa bodi da zane a garejinmu suna tafiya hannun ƴan gwangwan, ana yanka su ana aunawa a sikeli. Ina ganin sassan koyar da injiniyanci da zane a jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya da fasaha za su iya mayar da wannan aikin ɗalibai: a samu mota guda mai lafiya, a auna ta, a ɗauki hotunanta ciki da waje, a zana ta a kwamfuta, a adana. Gidajen tarihinmu su ma ya kamata su ajiye ko da guda ɗaya ta kowane iri. Hannu kuwa muna da shi, domin yaran da suka tashi suna ƙera motar kara da ta langa-langa, har da sitiyari mai juya taya, ba za su kasa wannan ba in an ba su kayan aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu wani kamfani a Japan ko Jamus da zai zo ya auna mana akori-kura kafin ta ƙarshe ta shiga sikeli.