Malejin Tsohuwar Mota: Shiga Rami Ba Shi Ne Dacewa Ba

Shekara biyu wani abokina ya yi yana tayar da Peugeot 504 ta mahaifinsa daga kwanciyar da ta yi a ƙarƙashin darbejiya. An sauke inji, an ɗinka kujeru, an yi fenti ruwan madara irin na asali. Maleji ne kawai ya ƙi motsi, sai ya sayo wani a wajen mai kayan gyara, ya kuwa zauna a raminsa ɗas. Ranar da muka fita gwaji allura ta hau 120, amma ga wata Golf ɗauke da buhunan albasa har saman rufi ta zo ta wuce mu ba tare da wani yunƙuri ba. Bakaniken da ke zaune a baya ya leƙo ya ce, "Alhaji, wannan malejin fa ba na gidan nan ba ne, na akori-kura aka ba ka."

Mutane da yawa sun ɗauka maleji agogon bango ne, duk inda ka rataye shi zai faɗi gaskiya. Alhali shi bai san gudun mota ba sam. Juyin waya kawai yake ƙirgawa. A yawancin tsofaffin motoci akwai wani ɗan haƙori a ƙarshen giya wanda ke juya siririyar waya a cikin kube, wayar ta bi ta ƙarƙashi ta ɓullo bayan dashbod. A can tana juya maganaɗisu a cikin ɗan kofin alminiyam. Ba sa taɓa juna, amma juyin maganaɗisun yana haifar da lantarki a jikin kofin, sai kofin ya riƙa son bin sa, wani siririn sifirin kamar gashi kuma yana riƙe shi. Inda ja da riƙo suka yi kunnen doki, nan allura ke tsayawa. Wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ya yi wa wannan dabara rajista a 1902, kuma da ita aka yi ta tafiya har na lantarki suka karɓe fage wajajen shekarun 1980 da 1990.

To tunda juyi yake ƙirgawa, dole a gina shi bisa sanin sau nawa wayar za ta juya a mil ɗaya ko kilomita ɗaya. Wannan adadi kuwa abu uku ke yanke shi: haƙoran da ke cikin giya, haƙoran aksul na baya, da girman taya. Kamfanin Smiths na Ingila, wanda ya yi wa su MG da Morris da Austin maleji, yakan buga adadin da ƙananan lambobi a fuskar agogon, kusa da gindin allura ko can ƙasa, irin su 1000 ko 1280. Sai ka goge ƙura ka kawo fitila kafin ka gan su. Ɗauki motar da wayarta ke juyi 1280 a mil, ka ɗaura mata malejin da aka gina a kan 1000. Kana tafiyar mil 50 a awa zai nuna maka 64. Fuska ɗaya, rami ɗaya, sukurori ɗaya, amma ƙarya zalla.

Abin da ya sami abokina ke nan. Akori-kura da doguwar wagon an yi su don kaya, saboda haka haƙoran aksul ɗinsu sun bambanta da na ƙaramar 504. Ga kuma halin da 504 ta samu kanta a ƙasar nan. An fito da ita a Faransa a 1968, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, aka ci gaba da harhaɗa ta a can shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Motar da ta yi shekara talatin tana jigila tsakanin Kano da Jos da wuya a ce giyar da ta fito da ita ce har yanzu a cikinta. An sauya giya, an sauya aksul, kowane bakanike da abin da hannunsa ya kai. Don haka ko malejin asali ka samo, mai yiwuwa motar ce ta daina zama ta asali.

Taya ma tana da nata, ko da yake bai kai wancan ba. Wanda ya cire 175 R14 ya sa 185/70 R14 ya rage tsayin tayar da kusan kashi 3 cikin 100, allura kuma za ta ƙara da gwargwadon haka.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo, kuma ina mamakin yadda ba a cika yin sa a garejinmu ba. Kwance wayar daga bayan maleji, ka manna mata ɗan kwali kamar tuta. Auna mita 10 a shimfiɗaɗɗen wuri, ka sa alli a taya da ƙasa, yara su tura motar a hankali, kai kana ƙirga juyin tutar har da rabi da kwata. Ninka abin da ka samu sau 100, ka sami juyi a kilomita. In na mil kake so, ninka wannan da 1.609. Da lambar nan a aljihu za ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, ba da hoton dashbod kaɗai ba.

Kafin ma a kai ga saye, ya kamata a gane ciwon. Wayar salula yanzu tana nuna gudu da nisa ta tauraron ɗan'adam, sai a gwada. Idan lambobin nisan tafiya daidai suke amma allura na ragewa, maganaɗisu ne ya yi sanyi don tsufa, ana kuma iya gyara shi. Idan allura da lambobi duk sun kauce da kaso ɗaya, lissafin haƙora ne bai dace ba. Allurar da ke rawa kuwa galibi waya ce ta bushe ko ta lanƙwashe. Sai dai a yi hattara da cika mata giris, don yakan bi wayar ya hau har cikin agogon ya daskarar da kofin.

Sai maganar zamani, wadda masu son mota ta koma kamar ranar da aka saye ta suka fi damuwa da ita. Peugeot 404 ta farko-farko, wadda ta fito a 1960, malejinta shimfiɗaɗɗe ne a kwance; daga baya aka koma agogo uku masu da'ira. Najeriya ba ta koma tuƙi ta hannun dama ba sai ranar 2 ga Afrilun 1972, kuma galibin motocin da aka shigo da su kafin nan sitiyarinsu na dama ne, malejinsu na mil. A Maraɗi da Damagaram kuwa kilomita aka sani tun zamanin Faransawa. Wanda ya tsallaka iyaka ya samo na kilomita ya sa wa Morris ɗin kakansa, ko da ya faɗi gudu daidai, duk mai ido zai gane baƙo ne. Ita kuwa Volkswagen mai siffar kunkuru ba ruwan malejinta da giya ko aksul, daga tayar gaba ta hagu wayarta ke tasowa, don haka taya kaɗai ke ruɗa ta.

Ni dai a ganina, muddin tsohon malejin yana nan, gyara shi ya fi sauya shi. Shi ne aka auna da motar, kuma lambobin da ke cikinsa tarihinta ne, ko da yake masu gida biyar suna komawa sifili bayan 99,999, ba mai sanin sau nawa suka zagayo. Abokina ya koma ya tono nasa daga cikin kwalin tarkace. Da aka buɗe, ashe tsohon giris ne ya ƙame kamar ƙaro. Wani tsoho mai gyaran agogo ya wanke shi da kananzir da gashin kaza, ya ɗiga masa mai, aka sa sabuwar waya. Da muka sake fita, salula ta ce 80, allura ta ce 83.