Gayyatar aboki da Turanci: Darasin da ke bai wa ɗaliban Sakkwato wahala

A Sakkwato, birnin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aika wa Sarkin Ingila wasiƙa da Larabci a 1824, yau ɗalibai na fama da rubuta wa aboki imel ɗin gayyata da Turanci.

Bahaushe kan fara da doguwar gaisuwa, ya tambayi lafiyar gida da iyali. A Turanci kuwa gaisuwa ɗaya ta wadatar, sai a faɗi dalili: ɗaurin aure ne ko suna, wace rana, ƙarfe nawa, a wace unguwa. Daga nan a nemi amsa.

Lamarin ya wuce zumunci, domin wasiƙa ga aboki kan fito a jarrabawar WAEC da NECO, inda guntule kalmomi irin na WhatsApp ke zubar da maki.