Ɗaliba Ta Haɗa Fuskarta Da Guntayen Takarda

A wata makarantar sakandare ta 'yan mata, malamin zane ya raba wa ɗalibai madubi da kwali da ƙaro da tsofaffin mujallu, ya ce kowace ta yayyaga takarda ƙanana-ƙanana, ta lilliƙa har siffar fuskarta ta fito.

Wannan fasaha daɗaɗɗiya ce. Da ƙananan duwatsu masu launi Rumawa suke yin ta, har an tono irinta a birnin Pompeii na ƙasar Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 Miladiyya.

To, akwai wata ɗaliba mai bille a kuncin hagu, wanda 'yan ajinsu suka daɗe suna yi mata ba'a a kansa. Saboda haka ta rufe gurbinsa da takarda ruwan ƙasa. Hoto ya yi kyau ƙwarai, amma ƙawayenta suka kasa gane ko wace ce.

Kwana biyu tana shawara da zuciyarta. Ran na uku ta yanko siririyar baƙar takarda, ta liƙa daidai inda wanzami ya tsaga tun tana jaririya. Malam ya rataye hoton a bangon aji, duk wadda ta shigo kuwa sai ta ambaci sunanta.