Shirin Musamman: Zaɓen Tub Ga Tayar Babur Mai Ƙafa Huɗu

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Yau za mu leƙa rumfar mai faci ne, amma ba kan tayar keke ko ta mota ba. Batunmu shi ne babur ɗin nan mai ƙafa huɗu, mai ƙartin tayoyi, wanda ake kira ATV ko kwad, da yadda ake zaɓar masa tub idan buƙatar hakan ta taso. Sai ku gyara zama.

(Kiɗa)

A shekarar 1970 ne kamfanin Honda ya fitar da wani babur mai ƙafa uku a kasuwar Amurka. Ba shi da shokazoba ko kaɗan, kumburarrun tayoyinsa ne ke shanye gargadar hanya. A 1982 kamfanin Suzuki ya fito da mai ƙafa huɗu, sannan a 1988 aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a Amurka saboda yawan haɗari. A yau manoma da makiyaya a Amurka da Ostireliya da Birtaniya da mai ƙafa huɗun suke zagaya gonaki da garkuna. A ƙasashenmu ma akan gan shi jefi-jefi, a manyan gonaki da wuraren shaƙatawa, ga kuma ƙananan na yara da ake shigowa da su daga ƙasar Sin.

Abin da kwad ya gada daga wancan babur na farko shi ne ƙarancin iska. Tayar ƙaramar mota tana cin iska 30 zuwa 35 a ma'aunin PSI. Tayar kwad kuwa, yawanci tsakanin 3 ne da 7. Laushin nan ne ke sa ta baje a kan yashi da taɓo ba tare da ta nutse ba. Ku riƙe wannan batu, domin duk wani zaɓi da za mu yi magana a kai daga nan ya samo asali.

Galibin tayoyin kwad ana ƙera su ne ba tub, wato leɓen tayar ke manne wa rim ya riƙe iska. To yaushe ake neman tub? Sai idan rim ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa har iska na tsiyaya ta gefe, ko kuma tayar ta tsufa tana sace iska ta ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Idan ƙusa ce kawai ta shiga ta sama, toshe ramin ya wadatar. Idan kuwa gefen tayar ya yage har zare ya bayyana, tub ba zai cece ta ba, sabuwa za a saya.

(Kiɗa)

Yanzu a ce an yanke shawarar saka tub. Abu na farko, a durƙusa a share ƙurar gefen tayar, a karanta lambar da ke jiki. Za ka ga an rubuta, misali, 25x8-12. Lamba ta farko tsayin tayar ce, inci 25. Ta biyu faɗinta, inci 8. Ta ƙarshe kuma girman rim, inci 12. A kan ƙananan na yara za ka iya ganin 16x8-7 ko 145/70-6. Lambar ƙarshen nan ba a ciniki a kanta: tub na rim 10 ba zai zauna a rim 12 ba. Sauran biyun akwai ɗan sassauci, shi ya sa ake samun tub guda da aka rubuta girma biyu ko uku a kwalinsa. Kada kuma ka karanta taya ɗaya ka sayo wa sauran, domin sau da yawa na baya sun fi na gaba faɗi.

Wani zai ce: ai roba ce, za ta miƙe. Haka ne, amma tub ɗin da ya yi ƙanƙanta idan ya miƙe sai ya yi siriri, ƙaya kaɗan ta huda shi. Wanda ya yi girma kuma sai ya naɗe a ciki, kamar safar da ta fi ƙafa girma a cikin takalmi. Naɗin nan ne zai yi ta goga har ya tsage.

Abu na biyu shi ne bawul, wato bakin da ake dura iska. Akwai TR13, miƙaƙƙe mai rufin roba, wanda ke shiga ramin rim mai faɗin milimita 11.5. Akwai TR6, miƙaƙƙe na ƙarfe mai noti. Akwai kuma TR87, na ƙarfe mai lanƙwasa, wanda ake so a ƙaramin rim inda bakin famfo ba ya samun wurin shiga. A kuma duba inda ramin yake, a tsakiyar rim ne ko ya karkata gefe. Idan bawul ya fito a karkace tun ranar farko, ya riga ya fara yagewa daga tushe.

Abu na uku, irin robar. Yawancin tub na kasuwa na robar butil ne, wadda William Sparks da Robert Thomas suka ƙirƙiro a Amurka a 1937. Ta fi riƙe iska, kuma ta fi jure zafi. Robar itace ta fi miƙewa, ta fi karɓar faci, ba ta saurin yagewa idan rim ya matse ta, sai dai tana rage iska da wuri. Wanda ke aiki a fili mai duwatsu ko jeji mai ƙayar aduwa da bagaruwa, gara ya nemi tub mai kauri ko da ya fi tsada, araha dai ba ta ado. Idan kuma akwai harafin R a lambar tayar, kamar 25x8R12, a nemi tub ɗin da aka yi wa irin wannan taya.

(Kiɗa)

Ga masu faci da ke sauraronmu, malamai, aikin a hannunku yake. Kafin a saka tub, a shafa cikin tayar da tsumma. Duk inda ya maƙale, akwai ƙaya ko waya a wurin. A goge tsatsar rim, a barbaɗa wa tub ɗin hoda, a ɗan hura masa iska don ya yi siffa, a kula kada ƙarfen ɓamɓare taya ya cije shi. Bayan an hura tayar ta zauna, ba tare da an wuce adadin da ke rubuce a gefenta ba, sai a sace iskar duka a sake hurawa, domin tub ya warware a ciki.

Sannan a sauko da iskar zuwa abin da kamfanin babur ɗin ya rubuta. Gejin mota ba ya karanta ƙaramar iska daidai, sai an nemi wanda ya tsaya a PSI 15. Dama da hagu su zama ɗaya, domin bambanci kaɗan yana sa babur ya riƙa ja gefe. Kada kuma iskar ta yi ƙasa ainun, don tayar za ta iya zamewa a kan rim ta ja tub, ta tumɓuke bawul. Shi ya sa ƙwararru ba sa ɗaure notin bawul tamau a jikin rim: idan suka ga ya fara karkata, sun san tayar ta soma zamewa.

Mai babur kuma, kafin ka nufi kasuwa, rubuta lambar tayar a takarda, ka ɗauki hoton ramin bawul a wayarka, sannan ka gaya wa mai shago irin ƙasar da kake takawa.

A nan za mu dasa aya. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Mu kasance lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)